Dan Allah a ba ni shawara: tsohuwar kwamfutar gem ɗina ta gaji, dubu 150 gare ni

Ɗan_Kurna:

Slm ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ina neman shawara kafin na je na zubar da ɗan kuɗin da na sha wahala na tara. Kwamfutata Dell OptiPlex 9020 ce, mai babban akwatin nan ba siririyar ba, irin na ofis da ake kawowa na hannu. Firosesa i5-4570, RAM 8GB sanda ɗaya, had disk 500GB irin mai juyawa, sai katin girafik GTX 750 Ti mai 2GB da na saka mata tun lokacin da na saye ta. Da talabijin nake haɗa ta, 1080.

Gaskiya ta yi min ƙoƙari, GTA V da PES 2021 ta riƙe su shekaru ba wata matsala, amma yanzu abin ya fara damuna. In na kunna ta sai na je na yi alwala na dawo ba ta gama buɗewa ba, a GTA in ina gudu da mota titi sai ya ɓace gidaje su riƙa fitowa daga baya, ga fanka tana ta ihu ko ban daɗe da kunnawa ba. FC 25 kuwa, wanda shi ne ainihin abin da nake so tunda abokaina duk sun koma can, ko na mayar da komai ƙasa sai ya riƙa tsaitsayawa, ka ba da fasin hoto ya daskare kafin ya dawo an ƙwace ƙwallo.

Abin da ke hannuna dubu 150 ne, in na matsa sosai ya kai 170. Wani a kasuwa ya ce kawai na sayi RX 580 mai 8GB na saka an gama magana. To shi ne nake tambaya, na bi maganarsa? Ko firosesa zan canza? Ko kuma na haƙura da ita gaba ɗaya? Ba na son na kashe kuɗin nan bayan wata biyu na dawo inda nake.

Abba_Gem:

Wslm. Oga kar ka tsaya dogon lissafi wlh, 580 ɗin nan ka ɗauka, ni ita nake amfani da ita kuma FC tana tafiya sumul a 1080, 8GB fa, ina 750 Ti ina ita. Katinka na 2014 ne ai ya ci a ce ya huta haka. A kuɗin nan babu katin da zai ba ka ƙarfin da 580 za ta ba ka, duk wanda ya ce maka 1050 Ti ko 1650 tsada kawai zai sa ka biya kuma duk ta fi su gudu.

Mai_Gyara_Zariya:

Wa alaikumus salam. Abba maganarka gaskiya ce ta fannin ƙarfi, RX 580 ta fi 1650 gudu, ba gardama. Amma ka tambaye shi wace fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, ce a cikin akwatinsa? Nan ne gizo ke saƙa.

Ɗan_Kurna ka buɗe gefen akwatin ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa saflai ɗin, za ka ga wat 290 ne, haka 9020 mai babban akwati take zuwa. Kuma ba ta da wayar da ake sokawa a katin girafik, ko mai baki 6 ko mai baki 8. Katin da kake da shi yanzu wat 60 kawai yake ci, shi ya sa ramin madabod, wato babban allon da ake soka komai a jikinsa, kaɗai ya ishe shi, tunda ramin yana iya ba da har wat 75. Ita kuwa RX 580 wat 185 take ci ita kaɗai kuma sai an soka mata waya mai baki 8, ga firosesanka shi ma an rubuta masa wat 84, yi lissafin da kanka ka gani. Za a ce maka ai akwai wata ƴar waya da ake jonawa daga wayar had disk ta koma mai baki 6 ko 8, dan girman Allah kar ka yarda a saka maka ita, bakin SATA wat 54 aka yi shi ya ɗauka, na sha karɓar kwamfutoci a shago da robar wajen ta narke ta yi baƙi, wani har madabod ɗin ta tafi.

Kenan in 580 kake so dole sai ka sayi sabuwar fawa saflai mai kyau, wat 500 ko 550, kuma ita Dell ɗin nan madabod ɗinta ba irin bakin nan mai 24 na kowa da kowa take amfani da shi ba, nata mai 8 ne na musamman, sai ka nemi adafta mai mayar da 24 zuwa 8. Ana samu, ana yi, ni ma ina yi wa mutane, amma ka ga kuɗin kati ga na fawa ga na adafta, dubu 150 ɗin ta ƙare ko ma ba ta kai ba, kuma har yanzu kana kan had disk mai juyawa da RAM sanda ɗaya. Sannan ka auna tsawon katin, wasu masu fanka biyu suna tokarar ƙarfen da ake ɗaura had disk ko su danne bakin wayoyin SATA na kan madabod.

Yanzu bari na faɗa maka abin da nake gani daga bayaninka. Jinkirin buɗewa da ɓacewar titi a GTA ba laifin kati ba ne, had disk ne ya kasa kawo kaya da sauri, ga RAM ɗin ta cika Windows tana ta kwashe abu tana zubawa a disk ɗin da dama can a gajiye yake. Ko katin miliyan ka saka wannan ba zai tafi ba. SSD ka fara saya, wato disk ɗin da ba ya juyawa kuma ya fi sauri, mai bakin SATA tunda madabod ɗinka ba ta da ramin M.2, 512GB in da hali saboda FC kaɗai wajen 100GB kamfanin ya ce a tanadar masa. Ka sa Windows da gem ɗin da ka fi bugawa a kai, tsohon disk ɗin ka bar shi ya riƙe finafinai da hotuna. Sai ka ƙara sanda ɗaya ta 8GB DDR3 mai gudun 1600 ta zama 16, ka saka su a ramuka masu kala ɗaya domin su yi aiki tare ta hanya biyu, wannan kaɗai yana rage tsaitsayawar nan sosai. DDR3 na hannu ba ta da tsada tunda ta tsufa. Abubuwa biyun nan su ne mafi araha a duk lissafin kuma su za ka fi jin canjinsu ranar farko.

Ihun fanka kuma, yaushe rabon da a hure ta? Mu da muke shan ƙurar hunturu wata da watanni sannan zafin Afrilu ya biyo baya, in ka cire fankar kan firosesa za ka tarar ƙura ta toshe tsakanin ƙarafunan kamar auduga, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyayawa kuma ya bushe ya zama ɓawo. In ya yi zafi da yawa da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, kai kuma sai ka ga gem yana tsayawa ka ɗauka rashin ƙarfi ne. A hure da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta da ƙarfi, a goge tsohon man a sa sabo ɗan ɗigo a tsakiya. Shi ma katin a yi masa haka.

Abba_Gem:

Toh Malam na ji batun fawa, ni tawa haɗawa aka yi ba ta ofis ba ce shi yasa ban kawo wannan ba. Amma fa ko ya sa SSD goma, 2GB ba za ta buga FC 25 ba, su kansu EA masu gem ɗin mafi ƙarancin da suka rubuta 1050 Ti ce ko RX 570 masu 4GB. Dole sai ya taɓa kati, kar ya je ya kashe kuɗi a SSD ya dawo Windows tana buɗewa da sauri amma ƙwallo tana nan yadda take.

Mai_Gyara_Zariya:

Haka ne ƙanina, ban ce kar ya canza kati ba, cewa na yi ba shi ne farko ba kuma ba 580 ba. Ragowar kuɗin ya nemi GTX 1650 mai 4GB irin wadda ba ta da bakin wuta a jiki, wat 75 ce, cire tsoho saka sabo, ba ruwansa da canza fawa. A lura, akwai wasu 1650 ɗin da suke zuwa da baki 6, ya duba saman katin da idonsa kafin ya biya. Na fi son ta a kan 1050 Ti saboda ta fi ta gudu kuma ta 2019 ce, kamfaninsu Nvidia ta riga ta daina fitar wa su 750 Ti da jerin 10 irin su 1050 Ti direbobin sababbin gem, wato manhajar da ke tafiyar da katin, tun ƙarshen 2025, gyaran tsaro kawai ya rage musu, amma jerin 16 irin su 1650 har yanzu ana yi musu. In kuɗin ya kai akwai RTX 3050 mai 6GB, ita ma wat 70 ce ba ta buƙatar waya, sai dai ina ganin za ta fi ƙarfin abin da zai rage a hannunsa.

Ummi_Tek:

Slm. Yayana Ɗan_Kurna ni ba zan ƙara komai a kan lissafin Malam ba, abin da nake so na ja kunnenka a kai shi ne wajen sayen, domin nan ne ake cutar mutane kuma mai kuɗi kaɗan shi ya fi jin zafin cutar.

Akwai katunan jabu da yawa musamman masu sunan 1050 Ti. Tsohon kati ne na wajen 2010 irin GTS 450 ake canza masa suna a ciki, ka saka shi Windows ta nuna maka 1050 Ti 4GB, kwali ma an buga 1050 Ti, amma da ka shiga gem ya wuce ainihin memorin da ke jikinsa sai ya fita da kansa ko hoto ya wargaje. Alama ta farko mai sauƙi, in ka ga bakin VGA shuɗin nan a jikin katin da aka ce 1050 Ti ne ka ajiye musu kayansu, jerin 10 na asali ba sa fitar da irin wannan siginar. Na biyu ka je da filashi ɗauke da GPU-Z, ƙaramar manhaja ce kyauta, tana nuna adadin ƙwayoyin aikin katin, 1050 Ti ta gaske 768 ne, 1650 kuma 896, in ka ga 192 ka san me ke nan, sau da yawa ma ita manhajar da kanta take rubuta maka jabu ne a gaban sunan.

Ita ma 580 ɗin da Abba yake yabo kala biyu ce. Ta asali 2304 gare ta, akwai kuma wadda ake kira 2048SP da aka yi wa kasuwar Chaina, wannan kusan RX 570 ce aka sa mata sunan 580, ba wai ba ta aiki ba ne amma kar a sayar maka da ita a kuɗin ta asali. Kuma da yawansu sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana, da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik a Satumbar 2022 aka juye su kasuwa, wasu an wanke an canza musu murfi sun fito kamar sababbi. Ƙanina ya taɓa sayen irinta a wani shago, sati bai cika ba ta fara zana layuka kore a allo, da aka koma mai shagon ya ce ai shi ya gwada a gabansa ta kawo hoto.

Kawo hoto ba gwaji ba ne. Ka ce a kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati don gwaji, ko wani gem mai nauyi a bar shi ya yi minti 15 ko 20 kana tsaye, kana kallon zafi kana sauraron fanka, in ya haura 85 yana ci gaba da hawa ko hoto ya fara ɗigo-ɗigo ka fasa. Duk mai shagon da ya ƙi yarda da wannan ka wuce gaba, shaguna na da yawa. Kuma ka sa ya rubuta maka a rasit kwana nawa ya ba ka na dawowa da lambar jikin katin. Mafi kyau ma ka ɗauki akwatinka a Keke ka je da shi a gwada a cikinsa. SSD kuma ni dai sabo nake ba da shawara, in na hannu ne dole to a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo.

Ɗan_Kurna:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, wlh na ƙaru sosai. Malam na buɗe na duba, 290 ne kamar yadda ka ce kuma babu wata waya da ta rage sai ta SATA. Ƙura kam ba a magana, har a jikin katin. Na sauke MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aiki da zafin kayan ciki, na kunna FC na duba, firosesa yana kan 100 kusan koyaushe zafinsa yana kaiwa 90, RAM tana kan 7 da wani abu, memorin kati kuma a cike taf. To wannan 100 ɗin na firosesa shi ya ɗaga min hankali, kenan ko na sa 1650 shi zai riƙe ta? Kuma wani abu da ban faɗa ba, yawanci da inbata nake bugawa da daddare, ta gida ce ba babba ba.

Baban_Hanif:

Ƙanina bari na faɗa maka abin da watakila ba za ka so ji ba. Firosesan nan na 2013 ne, ƙwaya 4 zare 4 wato aiki 4 yake ɗauka a lokaci ɗaya, kuma gidan da yake zaune wato LGA1150 an rufe shi tuntuni, iyakarka i7 na jerin 4000. Windows 10 Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel ƙarni na 8 take farawa sai da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma sababbin gem na onlayin sun fara neman irin waɗannan abubuwan tsaron kafin su buɗe. Duk naira da ka zuba a DDR3 ko i7-4790 ta zauna nan, ba za ka tafi da ita gaba ba.

Ni in ni ne, zan ƙara haƙuri na sayar da ita yadda take na haɗa da kuɗin hannuna na fara gina AM4, wato gidan firosesan kamfanin AMD, madabod B450 da Ryzen 5 3600 na hannu, ƙwaya 6 zare 12, gobe in Allah ya hore ka cire ka sa 5600 a madabod ɗaya. Na san kuɗin ba zai kai yanzu ba, balle yadda RAM ta yi tsada a duniya tun ƙarshen 2025. In kuma tsakani da Allah ƙwallo kawai kake so, PS4 na hannu ma tana buga FC 25 ba ruwanka da direba ko fawa saflai, sai dai ba irin na sababbin injina ba ne, kuma ka tambayi abokanka a kan me suke bugawa domin mai PS4 ba ya haɗuwa da mai kwamfuta a onlayin.

Mai_Gyara_Zariya:

Yaya Baban_Hanif maganarka ta manya ce kuma ban ƙi ta ba, shi ya sa ma na tsara masa yadda na tsara. Duba, SSD zai tafi da shi duk kwamfutar da ya koma, katin 1650 zai tafi da shi, abin da zai bari a baya sandar DDR3 ɗaya ce kawai kuma ita ce mafi arha a ciki, ita ma za ta ƙara wa kwamfutar daraja ranar sayarwa. Amma ya sayar yanzu ya sayi madabod da firosesa da DDR4 da akwati da fawa, wlh zai zauna wata da watanni da 750 Ti a cikin sabon gida ko ma ba kwamfutar gaba ɗaya, kuma ya ce da ita yake komai.

Ɗan_Kurna batun 100 ɗin nan, kar ka yanke hukunci tukuna. Zafi 90 ya yi wa firosesan nan yawa, kuma RAM sanda ɗaya tana sa shi jira. Ka yi wankin da sabon man, ka sa sanda ta biyu da SSD da sabuwar Windows mai tsabta, sannan ka sake dubawa. Ba zan ɓoye maka ba, FC yana son zare da yawa, mafi ƙarancin da suka rubuta i5-6600K ne wanda shi ma 4 da 4 ne amma ya fi naka sabunta, saboda haka ko bayan gyara zai riƙa kaiwa sama. Abin da za ka yi, ka kulle firem, wato yawan hoto a daƙiƙa, a 60, in bai zauna ba ka sauke ingancin ƴan kallo da gashi da ciyawa, ka rufe burauza da duk wani abu da ke gudu a baya. In bayan duk wannan yana damunka kuma ka samu i7-4770 ko 4790 a farashi mai sauƙi, musamman in mai shago zai karɓi naka ka yi ciko, to ka sa, ƙwaya 4 ne zare 8, wat 84 ɗin dai, yana zama a madabod ɗinka. In suka tsuga kuɗi ka bar shi, gara ka ajiye kuɗin ya zama farkon na AM4 ɗin da Yaya ya faɗa.

Inbatar da ka ambata kuwa ta ƙara kashe maganar 580. Da 1650 duka akwatin ba zai wuce wat 200 ba yana tsakiyar gem, da 580 kana maganar ƙarin sama da wat 100, batir zai riƙa saukar maka da wuri ga ɗaki ya ɗau zafi. Kuma in kana haɗa ta da wutar gari kai tsaye ka sa mata sitabilaiza, fawa saflai ɗin nan ta haura shekara 10 tana aiki.

Ɗan_Kurna:

Na gode Malam, na gode Yaya, Ummi ke ma Allah ya biya ki, na riga na sa GPU-Z da FurMark a filashi. Ranar Asabar in sha Allah zan fara da SSD da RAM da wankin, katin kuma sai na zagaya na ji farashi tukuna. Tambaya ɗaya ta rage, sandar da ke ciki Samsung ce, dole sai Samsung zan nema ko kowace DDR3 ta yi?

Mai_Gyara_Zariya:

Ba dole sai kamfani ɗaya ba. Ka cire taka ka je da ita, a jiki za ka ga an rubuta PC3-12800U ko PC3L-12800U, ka nemi mai irin rubutun da girma ɗaya 8GB. Ka tabbata U ce a ƙarshe, in ka ga R ta sabar ce ba za ta tashi a madabod ɗinka ba, kuma suna da yawa a kasuwa saboda arha. Kafin ka taɓa komai ka zare wayar wuta ka danna makunnin ka riƙe na ɗan lokaci, sannan in ka soka sandar ka danna har sai maƙallan sun ce ƙas da kansu.